Makwanta

Gabas da Damagaram, in ka sauka daga kwalta
ka bi rairayi har mota ta fara tari,
akwai tafki, akwai gari a gefensa
kamar ɗan akuya da ya raɓu da randa don sanyi.

Sunan garin Makwanta.
Kakata Gaptiya ta ce takarkarin wani Babarbare ne
ɗauke da mangul, ya durƙusa nan ya ƙi tashi.
Aka ja igiya, aka yi masa kirari, aka sa sanda,
ya dubi ruwa ya ci gaba da tuƙa.
Mai shi ya sauke kaya ya kafa bukka,
wai kwana ɗaya zai yi.
Manzo wanzami ya ce a'a, maharbi ne, kakan kakansa,
da ya biyo sawun gada ya tarar da agwagin ruwa.
Shekara arba'in suna wannan gardama,
goro ɗaya suke rabawa biyu.

Ba mu da ganuwa, ba a taɓa kawo mana yaƙi ba.
Wa zai ɗaura sirdi don ya kwashi albasa?
An ce wani kumandan ya zo zamanin Nasara
da igiya da ƙarfe, zai auna zurfin tafki.
Laka ta riƙe ƙarfen, ta haɗa da takalminsa ɗaya.
Ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau raƙumi.
Har yau yara in sun nutsa suna laluben takalmin.

Goriba uku ne littafin tarihinmu.
In ruwa ya tsaya gindin ta fari, shekarar lafiya ce.
Da ya kai ta biyu, katangar masallaci ta narke,
muka yi sallar Juma'a bisa tudu, kwaɗi suna amsawa.
Ta uku ba wanda ya ga ya kai ta
sai Kiyari makaho, shi ma a bakin ubansa ya ji.
Akwai kuma shekarar da ya janye gaba ɗaya,
ƙasa ta tsage, kanwa ta fito fari fat,
muka taka da ƙafa inda muke tura kwalekwale,
Cima ta tsinci turminta da ya nutse shekara tara,
ta zauna a kai ta yi kuka,
ba mu san ko na murna ba ne.

Ran Laraba kamiyo ke zuwa daga birni,
ya ɗauki rake, ya ɗauki shu da rogo,
da tarwaɗa banda, baƙa ƙirin, a kwandon kaba.
'Yan birni na cewa muna da nawa,
wai mutumin Makwanta ba ya cewa "na sallama"
sai ya waiga ya dubi ruwa.
Gaskiya ne. Shi ne babbanmu, ana shawara da shi.

Yanzu kacala ta cinye gefen yamma.
Samari sun yi Agadas, wasu Kano,
lakwal ɗinmu aji uku ne, mushe ɗaya.
Ni ina Zinder, unguwar Garin Malam, ina ɗinki,
da asuba nake tsaron mai ga-ruwa,
bido biyu, in ƙirga dala in miƙa,
ni da na koyi iyo kafin in iya Fatiha.

Jiya na zo gaisuwar Manzo.
Ya tafi da maharbinsa, ya iske Gaptiya can,
sai su ƙarasa.
Da magariba na sauka bakin ruwa,
na cire takalmi, laka ta shiga tsakanin yatsuna.
Ƙanena ya ce, "Yaya, motar gobe da sassafe take tashi."
Na ce na sani, kwana ɗaya zan yi.
Sai ya yi dariya, ya tafi neman mini tabarma.